Fenti daban, kwaɗo daban: Kafin ka latsa maɓallin sabuntawa

Abubuwa biyu sun faru a ƙarshen shekarar 2025, tsakaninsu wata guda kacal, kuma dukansu sun jefa masu amfani da waya da kwamfuta cikin tambaya iri ɗaya. A ranar 15 ga Satumba kamfanin Apple ya saki iOS 26, wato sabon zubin babbar manhajar da ke tafiyar da wayoyin iPhone, ɗauke da wata sabuwar fuska da ya raɗa wa suna Liquid Glass. A ranar 14 ga Oktoba kuma kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, bayan ya shafe shekara goma yana kula da ita. Na farko ya kawo wa mutane abin da ba su roƙa ba, na biyu ya raba su da abin da suka saba. Tun daga lokacin, duk inda aka zauna ana hirar na'ura, a ofis ne ko a makaranta ko a rumfar mai gyaran waya, da wuya a tashi wani bai tambaya ba: shin in sabunta, ko in bar abina yadda yake?

Abin da ya sa tambayar take da wuyar amsawa shi ne, saƙon nan da ke faɗo maka a allo yana cewa akwai sabuntawa, kaya iri biyu yake ɗauke da su a ƙunshi ɗaya. Akwai gyaran tsaro, wanda ke toshe kafofin da masu kutse suka gano, wannan tamkar sauya kwaɗon ƙofar gida ne bayan an ji cewa ɓarayi sun sami makullinsa. Akwai kuma sauyin fuska, wato sabon launi, sabon tsari, maɓallin da ke dama ya koma hagu, wannan shi ne fenti da sauya wa kujeru wuri. Ido fenti yake gani, shi ya sa a kansa ake yin rigima. Kwaɗon kuwa babu mai ganinsa sai ranar da aka shiga gidan.

Bari mu fara da fentin, tunda shi ne a bakin mutane. Abin da Apple ya yi shi ne ya mayar da maɓallai da akwatunan sanarwa da layukan zaɓi tamkar gilashi, ana hango abin da ke bayansu, suna ƙyalli suna motsi idan an taɓa su. A tallar kamfanin, abin gwanin ban sha'awa. A hannun mai waya kuwa, musamman wanda idonsa ya fara rauni ko wanda ke tsaye a tsakar rana, sai farin rubutu ya hau kan farin hoto, a rasa gane me aka rubuta. Ƙorafi ya fara tun a watan Yuni, lokacin da aka nuna samfurin a taron shekara-shekara na masu ƙirƙirar manhaja, kamfanin ya riƙa rage ƙyallin yana ƙarawa a zubin gwaji. Da watan Nuwamba ya kama, sai ga iOS 26.1 ɗauke da zaɓin da zai ba mutum damar dusashe gilashin domin rubutu ya fito sarari. Ba a fito an ce an yi kuskure ba, manyan kamfanoni ba su cika furta wannan kalma ba. Amma wanda ya sa maka tagar gilashi, sannan ya dawo bayan wata biyu ya miƙo maka labule, ai ya amsa cewa rana tana damunka.

Akwai wasu 'yan boko, galibi matasa masu sha'awar na'ura, da ke yi wa masu irin wannan ƙorafi kallon 'yan baya ga dangi. A wurinsu magana ɗaya ce: mutane ba sa son canji, bayan mako biyu kowa zai yi shiru. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ban yarda da raini da ke ƙarƙashin maganar ba. Sabo jari ne. Sakatariyar da ta shekara goma tana buga takardu ba ta duba inda maɓalli yake, hannunta ne ya sani, kamar yadda ƙafar direba ta san birki ba tare da ya leƙa ƙasa ba. Ranar da aka sauya wa maɓallin wuri, an kwashe mata wannan jari ba tare da shawararta ba, kuma ita za ta biya kuɗin sake tara shi, da lokacinta da kurakuranta da faɗan maigidanta.

A ƙasarmu ma abin ya wuce nan. Dubi dattijon da bai yi karatun boko ba, ko tsohuwar da jikanta ya saya wa waya domin su riƙa gaisawa. Ba rubutun Turancin da ke ƙarƙashin alama suke karantawa ba. Sun haddace cewa koren nan na ƙasa ta dama shi ne na aika murya, wancan mai kama da kan tarho shi ne na kira. Launi da siffa da wuri su ne dukan karatunsu na na'ura. Idan wani mai zane a Kalifoniya ya ga cewa bana alamomi marasa launi ne suka fi kyau, ko ya ɗauke wani abu daga ƙasa ya kai sama, ya mayar da wannan tsohuwa makauniya a cikin wayarta, sai ta jira ranar da jikan zai zo hutu. Wanda bai taɓa zama ya koya wa mahaifiyarsa amsa kiran bidiyo sau biyar ba, shi ne zai ce sauyin fuska ƙaramin abu ne.

Tarihin wannan fanni ma yana bayan masu ƙorafi a lokuta da dama, kuma babu misalin da ya kai na Windows 8. Tun daga watan Agustan 1995, lokacin da Windows 95 ta fito, duk wanda ya kunna kwamfuta ya san cewa akwai maɓallin Start a kusurwar hagu ta ƙasa, daga nan ake shiga ko'ina, daga nan kuma ake kashewa. Shekara 17 ana kan haka. A watan Oktoban 2012 Microsoft ya cire maɓallin, ya maye gurbinsa da manyan murabba'ai masu launi da suka cika allo, waɗanda aka tsara domin taɓawa da yatsa. Dalilinsa a fili yake: iPad ta fito a 2010 tana ta cin kasuwa, kamfanin ya tsorata cewa zamanin kwamfutar tebur ya wuce, sai ya so ya yi manhaja ɗaya da za ta yi wa mai yatsa da mai linzami aiki. Sakamakon shi ne ma'aikacin da ya yi shekaru yana aiki da kwamfuta ya zauna yana neman yadda zai kashe ta, domin an ɓoye makashin a wani lungu da ba ya bayyana sai an kai linzami kusurwar allo. Nan da nan wasu ƙananan kamfanoni suka sami sana'a, suna sayar da 'yan manhajojin da aikinsu kawai shi ne dawo da Start. Steven Sinofsky, wanda ya jagoranci sashen Windows, ya bar kamfanin makonni kaɗan bayan fitowar manhajar. A Oktoban 2013 aka dawo da maɓallin a Windows 8.1, a Yulin 2015 kuma Windows 10 ta dawo da jerin zaɓin da ke ƙarƙashinsa. Ofisoshi da makarantu da yawa a duniya sun tsallake Windows 8 ɗungurungum, daga 7 suka haura 10, kuma babu abin da suka rasa. A wannan karon masu taurin kan su ne suka fi kamfanin hangen nesa.

Sai dai adalci ya sa a kawo ɗaya ɓangaren. A Satumban 2013 Apple ya saki iOS 7, ƙarƙashin jagorancin mai zanensa Jony Ive. Kafin nan alamomin iPhone kwaikwayon kayan zahiri suke yi: littafin rubutu mai ruwan ɗorawa da layuka, kantar littattafai ta katako, teburin wasa mai koren ƙyalle. Aka share duk wannan a dare ɗaya, aka kawo alamomi shimfiɗaɗɗu masu kaifin launi da siraran haruffa. An yi kururuwa ƙwarai. Wasu har jiri suka ce motsin allon yana sa su, kuma kamfanin ya ƙara zaɓin rage motsin da na ƙara kaurin rubutu. Amma asalin tsarin ya zauna daram, Google ma ya bi sahu da nasa salon a 2014, yau kuma da wuya ka sami mai kewar kantar katako.

Me ya raba waɗannan labarai biyu? A ganina ƙorafi iri biyu ne, kuma ya kamata mai karatu ya koyi rarrabe su a kansa. Akwai ƙorafin baƙunta, wanda ido ne bai saba ba, irinsa yana gushewa da kansa kamar ƙaiƙayin sabon takalmi. Akwai kuma ƙorafin aibi, inda aikin da kake yi da latsawa ɗaya ya koma biyu ko uku, ko rubutun da kake karantawa ya daina karantuwa. Wannan ko shekara aka yi ba ya warkewa, sai dai a haƙura da shi. Masu Windows 11 sun san misalinsa: idan ka latsa ɓangaren dama na linzami a kan fayil, jerin zaɓin da ka saba gani an taƙaita shi, sai ka sake latsa wani layi a ƙasa kafin cikakken ya fito. Latsawa ɗaya ce aka ƙara, amma ga wanda ke yin ta sau ɗari a yini, harajin dindindin ne. Ma'aunin da nake bayarwa shi ne mako biyu. Idan bayan mako biyu kana aiki da sabon tsari hannunka ya daina tuntuɓe, baƙunta ce. Idan har yanzu aikin ya fi na da tsawo, aibi ne, kuma kana da haƙƙin ka ɗaga murya.

A duniyar Linux, inda manhaja ba mallakin kamfani ɗaya ba ce, masu ƙorafi ba sa tsayawa ga ɗaga murya. Da aka sauya fuskar GNOME a 2011, Ubuntu kuma ta kawo tata mai suna Unity a shekarar, waɗanda abin bai yi wa daɗi ba sai suka ɗauki tsohon tsarin suka ci gaba da raya shi da sunan MATE, wasu suka gina Cinnamon. A 2017 kamfanin Canonical da kansa ya ajiye Unity. Mai iPhone ba shi da wannan gata.

To me ke sa kamfanoni wannan sauye-sauye, bayan sun san za a yi musu ca? Wani lokaci dalilin na ƙwarai ne: allo ya ƙara girma, yatsa ba ya kai sama, dole a sauko da wasu abubuwa ƙasa. Wani lokaci so suke waya da kwamfuta da agogo su yi kama da juna domin wanda ya sayi ɗaya ya ji sha'awar sayen sauran. Wani lokaci kuwa kasuwa ce tsagwaronta. Wayar bana da ta bara kusan duk ɗaya suke a aiki, idan ba a sauya fenti ba me za a nuna a talla?

Zargin da ya fi yawa a bakin jama'a shi ne cewa da gangan ake turo sabuntawa domin a kashe tsohuwar waya a tilasta maka sayen sabuwa. Ba kowane jinkirin waya ne ke tabbatar da haka ba. Sabuwar manhaja takan fi tsohuwa nauyi, kuma a kwanakin farko bayan babbar sabuntawa waya takan yi zafi ta sha caji saboda tana sake jera hotuna da fayiloli a ɓoye, abin da ke lafawa bayan 'yan kwanaki. Amma ba za a ce masu zargin sun yi shi a banza ba, domin kamfanonin ne suka ba su hujja da hannunsu. A Disamban 2017 Apple ya amsa cewa wata sabuntawa da ya fitar tana rage saurin wasu tsofaffin iPhone waɗanda batirinsu ya tsufa. Ya ce ya yi ne domin kada su riƙa mutuwa ba zato, wanda dalili ne mai ma'ana, amma bai gaya wa masu wayoyin ba. Mutane nawa ne suka sayi sabuwar waya alhali sabon batir kawai suke buƙata? Hukumomin Faransa sun ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020, a Amurka kuma ya amince ya biya har Dala miliyan 500 domin sasanta ƙarar da aka shigar. Tun kafin nan, a Oktoban 2018, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci Apple tarar Yuro miliyan 10, Samsung kuma miliyan 5, kan tura wa mutane sabuntawar da tsofaffin wayoyinsu ba za su iya ɗauka ba. Shi ma Microsoft ya yi tasa. A 2016, lokacin da yake matsa wa masu Windows 7 da 8.1 su koma 10, an kai matsayin da idan mutum ya rufe akwatin tallar da alamar da kowa ya sani ta rufewa, sai a ɗauka ya amince. Wata 'yar kasuwa a Kalifoniya da sabuntawar ta ɓata wa kwamfutar aiki ta kai ƙara, aka biya ta Dala 10,000.

Illar waɗannan abubuwa ta wuce tarar da aka biya. Sun koya wa mutane tsoron maɓallin sabuntawa, sai suka riƙa danna "anjima" ga komai, har da kwaɗon. Nan ne haɗarin yake.

A ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun dawo aiki da takarda da biro, an soke ganin likita kusan 19,000, an karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitoci. Abin takaicin shi ne, kafar da cutar ta bi ta shiga, Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta tun ranar 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin harin. Waɗanda suka karɓi gyaran sun kwana lafiya. Kuma kada mai karatu ya ɗauka sai ya latsa wani baƙon saƙo ake kama shi. A Satumban 2023 masu bincike na cibiyar Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada sun gano wata hanya da ake dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus a iPhone ta hanyar saƙo kawai, ko da mai wayar bai taɓa komai ba. Maganin shi ne wata 'yar ƙaramar sabuntawa, iOS 16.6.1, wadda ba ta sauya launin komai ba. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: ranar da kamfani ya fitar da gyara, ranar ce ya sanar wa duniya inda ramin yake. Masu kutse suna nazarin gyaran su gano kafar, sannan su bi gidajen da ba su toshe ba. Wayar da a shekarun baya kira kawai ake yi da ita, yau ita ce bankinka, ita ce ma'ajiyar takardunka, ta cikinta lambar sirrin cire kuɗi ke zuwa.

Saboda haka babban laifin da nake ɗora wa kamfanonin ya fi na munin zane. Laifinsu shi ne ɗaure kwaɗo da fenti a igiya ɗaya, su ce ko ka karɓa duka ko ka bar duka. Sun san ana iya raba su. Apple yakan ci gaba da fitar da gyaran tsaro ga tsohon zubi na ɗan lokaci bayan sabo ya fito, kamar yadda ya yi da iOS 18.7 a ranar da 26 ta fito, amma ga wayar da za ta iya ɗaukar sabon, wannan rangwame ba ya daɗewa. Manyan kamfanoni da ma'aikatu kuwa Microsoft yana sayar musu da wani zubin Windows na musamman da ke samun gyaran tsaro shekaru ba tare da an taɓa fuskarsa ba. Ashe abin mai yiwuwa ne, talaka ne dai ba a ba shi.

Idan aka dawo gida Nijeriya da Nijar, lissafin yana ƙara wasu layuka da mai zane a Amurka bai san da su ba. Babbar sabuntawa takan ci gigabait da dama, ga shi tun farkon 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ga wutar lantarki, wadda idan ta ɗauke ana tsakiyar girka manhaja a kwamfutar tebur, tana iya barinka da na'urar da ba ta tashi. Sannan ga shekarun na'urorin kansu. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, da masarrafar Intel zubi na takwas zuwa sama ko takwararta, wanda ke nufin galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba sa ciki. To waɗanne kwamfutoci ne suka cika shagunan buga takardu da ɗakunan kwamfuta na makarantu da jakunkunan ɗalibanmu? Na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su aka loda mana, daga kasuwar Ikeja zuwa titin Beirut a Kano. Lafiyarsu lau, suna buga takarda suna shiga intanet, amma a idon Microsoft sun tsufa. Mai irin wannan kwamfuta ba shi da zaɓin ya so fuskar Windows 11 ko ya ƙi ta, ƙofar ma a rufe take. Kuma ina jin tsoron abin da zai biyo baya: ofisoshin can da ke zubar da kwamfutocin da ba su ɗaukar 11 sun san inda ake sayen irinsu, mai saye ya buɗe ido kada araha ta ruɗe shi.

A ɓangaren waya kuwa matsalar yawancinmu kishiyar ta masu iPhone ce. Su suna kukan an turo musu abin da ba su so, mu namu ba ya zuwa. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin sabuntawa na shekara bakwai a 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a 2024, Tarayyar Turai kuma tun daga Yunin 2025 ta wajabta wa masu sayar da waya a ƙasashenta su ci gaba da sabunta ta aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Ƙananan wayoyi masu sauƙin kuɗi da suka cika kasuwarmu ba su cika samun irin wannan dogon alkawari ba, kuma mai saye ba ya tambaya. Muna tambayar girman ma'adana da kyan kyamara da ƙarfin batir, amma ban cika jin wanda ya tambayi mai shago shekara nawa za a yi ana turo wa wayar gyaran tsaro ba. Ya kamata ta shiga cikin ciniki, ya kamata kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta duba yiwuwar a riƙa rubuta wannan wa'adi a jikin kwali.

To yanzu mutum ya zai yi idan saƙon ya faɗo? Ya fara duba lambar. Idan ƙaramin sauyi ne a ƙarshenta, kamar daga 18.6 zuwa 18.7, ko gyaran tsaro na wata-wata da Android da Windows ke turowa, ya karɓa cikin kwanaki kaɗan, kada ya wuce mako. Idan kuwa lambar farko ce ta sauya, wato sabon zubi ne gaba ɗaya, babu ladan da ake ba wanda ya riga kowa. A Satumban 2014 Apple ya janye iOS 8.0.1 jim kaɗan bayan sakinta domin ta hana sababbin iPhone 6 kama layin kira. A Oktoban 2018 Microsoft ya dakatar da wata babbar sabuntawar Windows 10 bayan ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, sai tsakiyar Nuwamba aka sake sakinta. Wanda ya jira wata ɗaya ko biyu, har gyara na farko ya fito, ya bar wasu sun gwada masa zurfin ruwan. Kafin ya tsunduma kuma ya kwafe hotunansa da takardunsa a wani wuri, ya tabbatar manhajar bankinsa da firintarsa da duk abin da yake cin abinci da shi suna aiki da sabon zubin, ya cika caji, ya kuma zaɓi lokacin da ba shi da aikin gaggawa. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, ko mai shagon da ke tsakiyar yi wa yara rajistar jarrabawa, ba shi da dalilin taɓa babbar manhaja sai ya gama.

A san kuma cewa ba kowace ƙofa ce ake komawa ta baya ba. Windows 11 tana ba da kwana goma da mutum zai iya komawa 10 idan bai gamsu ba, tana kuma barinsa ya dakatar da sabuntawa har mako biyar. A iPhone kuwa, 'yan kwanaki bayan fitar sabon zubi Apple yakan rufe hanyar komawa tsohon, wanda ya haye ya haye ke nan. Ga wanda ya riga ya haye yana cizon yatsa, ya leƙa saituna kafin ya yanke ƙauna, domin yawancin abin da ke ba da haushi akwai makunninsa a ɓoye. Maɓallin Start da Windows 11 ta kai tsakiya ana iya mayar da shi hagu. Gilashin iPhone ana rage shi a sashen da aka tanada domin masu raunin gani. Masu Samsung da One UI 7 ta raba musu allon sanarwa da na saituna gida biyu suna iya sake haɗe su. Kuma idan wayar ta tsohuwa ce a gida, a kashe mata sabuntawa mai girka kanta, a bari sai ranar da akwai wanda zai zauna da ita ya nuna mata inda koren maɓallinta ya koma.

Masu Windows 10 da kwamfutarsu ba ta ɗaukar 11 su ne suka fi buƙatar yanke shawara, kuma lokaci ba ya jiransu. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi kamar kullum, abin da ya tsaya shi ne kwaɗon. Microsoft ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adin gyaran tsaro ga ɗaiɗaikun mutane, a kan Dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitunan kwamfutarsa da asusun kamfanin, kuma da aka buɗe shirin an sanya ranar 13 ga Oktoba, 2026 a matsayin ranar ƙarewarsa. Akwai masu gyara da ke girka 11 ta bayan gida a kan na'urar da ba ta cika sharaɗi ba, yana aiki, amma kamfanin ya ce bai lamunce wa irin wannan na'ura samun sabuntawa ba. Kwamfutar da aikinta buga takarda ne kawai ana iya raba ta da intanet a bar ta ta ƙarasa rayuwarta, muddin ana kula da irin filashin da ake soka mata. Wadda kuwa ake shiga banki ko ajiye bayanan ɗalibai da marasa lafiya da ita, ko dai a sa mata Linux Mint, wadda kyauta ce kuma fuskarta ta fi kama da tsohuwar Windows fiye da Windows ɗin yau, ko kuma a fara tanadin wata. Shugabannin makarantu da asibitoci da ƙananan hukumomi da ke shirya kasafin kuɗi, su aika wani ya zagaya ofis-ofis ya ƙirga kwamfutoci nawa ne ke kan 10, nawa ne daga ciki za su iya hawa 11, a rubuta adadin a takarda.